Lambar da Baba Ke Kawowa da Safe

A daminar da zan ba da labarinta, kowace safiya wani tsoho yana kawo mani lamba guda daga bakin gulbi, ni kuma in shigar da ita cikin na'ura da hannuna. Lambar ba gaskiya ba ce. Mutum ɗaya cikinmu ya san haka, ya yi ƙoƙarin gaya mani har sau uku, ni kuma na kore shi duk ukun. Gara in faɗi wannan tun yanzu, kada a ɗauka ina neman wanda zan ɗora wa.

Aikinmu ba mai wuyar fahimta ba ne. A Madarumfa akwai wata fadama tsakanin gulbi da hanyar ruwan da ke shiga tafki. Tsibiri ake ce mata, ko da yake yawancin shekara da ƙafa ake shiga. Can lambunan barkono da zogale da rogo suke, can injinan ban ruwa ke kwana, can kuma gwaggona, ƙanwar mahaifina, take wuni tun da mijinta ya rasu ya bar mata lambu da inji guda. Shi gulbin ba ruwan samanmu yake ɗaukowa ba. Sai a sheƙa ruwa can kudu, ƙetaren iyaka, mu nan rana na gasa mana ƙeya, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ga shi ya cika, ya rufe mashiga, ya hau tsibirin da duk abin da ya tarar.

Wata ƙaramar ƙungiya ce ta ɗauke ni aiki don a yi maganin wannan. An kafa ma'auni a cikin gulbin, can sama wajen hanyar Ɗan Issa, wani ginshiƙin siminti mai lambobi a jikinsa. Kullum da safe a karanta inda ruwa ya kai, a kawo mani, in shigar. Idan ya kai ɗari da ashirin, manhajar da wasu samari ke rubutawa a Maraɗi za ta kira salula, wato wayar hannun kowane mai lambu, murya ta ce masa ya kwashe kayansa ya fito. Daga wannan lamba zuwa hawan ruwa tsibiri akan sami rabin wuni, kuma rabin wuni ya isa mutum ya ɗora inji a amalanke ya ƙetare.

Samarin Maraɗin nan suna da wani salon aiki da suka koya a wajen masu sana'arsu, kuma ƙungiya ta ce mu ma mu bi shi. Ba a zama a tsara aikin shekara. Ana yanka shi ƙanana, kowane yanki a rubuta shi a ƴar takarda, a manna a allo mai gida uku: za a yi, ana yi, an gama. Duk mako biyu a zauna a zaɓi takardun da suka fi muhimmanci, a yi su, a nuna abin da aka yi, a waiwaya a ga inda aka yi tuntuɓe, sannan a sake ɗiba. Kowace safiya kuma a tsaya a zagaye na minti goma sha biyar, kowa ya amsa tambaya uku: me ka yi jiya, me za ka yi yau, me ya tsare ka.

Ni dai salon nan ya shiga raina sosai. Na yi aiki a wani biro, wato ofis, a Maraɗi inda magana ba ta bin ƙofa, sai taga. Wannan ya ja ka gefe ya raɗa maka, wancan ya bi shugaba gida bayan la'asar, kai da ke aikin sai dai ka ji an yanke. Na tsani hakan har cikin ƙashina. Da na ga salon da ke cewa komai a fili, komai a allo, sai na ji kamar don ni aka yi shi. Na dawo garinmu da allo a bayan moto, wato babur, da kai a sama, na kafa doka tawa wadda ma ba ta cikin abin da aka koya mana: abin da ba a faɗa a zagaye ba, ba a faɗe shi ba. Na maimaita ta har mutanen biro suka riƙa yi mani ita da muryata idan na juya baya.

Mu shida ne, amma biyu ne labarin ya shafa. Na farko tsohon masunci ne, kowa Baba yake ce masa. Ya shekara fiye da hamsin a kan ruwan nan, ya yi karatun boko kaɗan a ƙuruciya, ya san lambobi, kuma babu mai lambun da zai yi gardama da abin da ya ce game da gulbi. Shi muka ba karatun ma'auni, don sunansa kaɗai ya isa mutane su yarda da kiran salula. Na biyu mai moto ne, mutum mai shekara arba'in da ƴan kai, mai sanyin magana, wanda ke auren ɗiyar Baba ta fari. Ma'aunin da nisa, Baba ba ya tuƙi, salon kuma ya ce aiki mai muhimmanci a yi shi mutum biyu. Sai na haɗa su.

Wata mata da ke yi mana aikin zagaya lambuna ta dube ni ta ce, "Madam, suruki da suruki a moto guda?"

Na ce, "Nan biro ne, ba zauren gidansu ba."

Ta gyara mayafinta. Ni haifaffiyar garin nan ce, na san mijin ɗiya ba ya cin abinci gaban uban matarsa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya ɗaga murya inda yake, idan ya hango shi a hanya ma yakan sake lungu. Na sani sarai. Kawai na ɗauka irin abin da ake cirewa ne a bakin ƙofar aiki kamar takalmi.

Zagayen safe ma bai taɓa zama yadda aka koya mana ba. Wa zai tsaya ƙiƙam a kan Baba? Aka kawo masa benci, mu muka ja baya muka tsaya, surukinsa kuwa ya tsuguna can bakin ƙofa kusa da motonsa, kansa a ƙasa. Baba ne ke fara magana. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har ya cinye minti biyar cikin sha biyar ɗin, sannan ya faɗi lamba da ƙarfi, ni in buga ta nan take a gaban kowa. Idan na kai ga tambaya ta uku sai ya yi dariya ya ce, "Mi za ya tsare ni, ɗiyata? Lahiya lau." In na juya ga mai moto, amsarsa ɗaya ce kullum: "Babu, Madam."

Daminar farko abin ya yi aiki. Sau biyu salula ta kira, sau biyu mutane suka fito kafin ruwa. Na yi ta yawo a tsibiri ina wa'azi. Da can duk wanda ya ga gajimare a kudu sai ya tada ƙura, a kwashe injina a banza, a yi asarar wuni. Na ce da su sun huta da jita-jita: idan salula ba ta kira ba, kowa ya ci gaba da aikinsa. Gwaggo ta fi kowa riƙe wannan magana, don ta ɗiyar ɗan'uwanta ce, kuma tana alfahari da ni a gaban maƙwabtan lambunta har ina jin kunya.

A farkon damina ta biyu, bayan gulbi ya kawo ruwan fari ya lafa, mai moto ya tsaya bayan an watse daga zagaye. Ya jira har Baba ya sha kwana, sannan ya matso ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin motonsa.

"Madam, akwai wata ƴar magana."

"Ta aiki ce?"

"Eh to, ta aiki ce."

"Yanzun nan na tambaye ka mi ya tsare ka, ka ce babu. Malam, ka san doka. Ka kawo ta gobe da sahe, kowa ya ji."

Ya ce to. Washegari na dube shi musamman, na ba shi lokaci, ya ce babu. Na yi tsaki a raina, na ce wannan irin masu son raɗa ne, zan gyara shi.

A zaman zaɓen aiki na gaba ya zo da takarda tasa, karo na farko tun da muka fara. Ya rubuta da hannunsa: a sake fentin ma'auni, a yi lambobin manya-manya. Yadda muke zaɓe shi ne in raba wa kowa ƙwayar gyaɗa uku, a shimfiɗa takardun a tabarma, kowa ya ɗora gyaɗarsa kan aikin da ya ga ya fi gaggawa, wanda ya fi tara gyaɗa ya shiga gidan ana yi. Bayan an ƙirga a cinye gyaɗar. Shi ya ɗora ukunsa duka a kan takardar fenti. Babu wanda ya ƙara masa ko ɗaya. Fentin bara ne aka yi shi, na ga hotonsa, baƙi ne wuluk a kan fari, ga kuma lambobin salula da suka canza, ga muryar kira da mata ke cewa ba sa jin ta sosai. Takardar ta koma ƙasan gidan za a yi.

Bayan mako biyu ya sake ɗora ukunsa a kanta. Bayan wasu biyun ma haka. Na fara kiransa Sarkin Fenti, ana dariya, shi ma yana murmushi da gefen baki. Na tambaye shi ko yana da ɗan'uwa mai sayar da fenti a kasuwar garin Gabi ne. Baba na kan benci, ya yi dariya tare da mu, amma na tuna ranar bai ci gyaɗarsa ba, ya zuba ta a aljihu.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne Baba ba ya ganin lambobin. Yanar ido ce ta rufe masa gani a hankali, yana ganin mutum a tsaye, yana ganin hanya, amma rubutu a jikin ginshiƙi cikin ruwa ya wuce shi. Sai ya yi dabara irin ta wanda ya san gulbi. Akwai wani wuri a gindin wata itaciya inda yake tsoma sandarsa, ya shafa da hannu ya ji inda ta jiƙe, ya san lambar da ta dace da wurin. Daminar farko sandar ba ta yi masa ƙarya ba. Amma ruwan fari na shekara ta biyu ya tara yashi a daidai gindin itaciyar, kuma kullum yana ƙara tarawa. Ruwa na hawa, yashi na hawa tare da shi, sanda tana jiƙewa a wuri guda. Surukinsa yana tsaye a baya kusa da moto, idonsa garau, yana kallon ginshiƙin yana kallon sandar, kowace safiya.

Tsakiyar damina aka yi kwana tara ba ɗigon ruwa a Madarumfa. Gero ya fara naɗe ganye, ana ta maganar roƙon ruwa. Amma kullum da almuru, in na fito alwala, sai in ga kudu tana walƙiya can ƙasa-ƙasa, babu tsawa, babu iska. Ruwan da ke ratsa mashigar tsibiri ya sake launi, ya koma ja kamar kunun da aka dama da jar dawa, yana ɗauke da kumfa da karan gonar wasu. Mata masu ƙetarewa da ke ɗage zane zuwa ƙwauri suka fara ɗagewa zuwa gwiwa. Matar nan mai zagaya lambuna ta faɗa a zagaye, ita kam ta faɗa. Na duba na'ura. Tamanin, tamanin da biyu, tamanin, tamanin da uku. Na ce mata mashiga takan zaizaye, lamba ita ce gaskiya, ido yakan ruɗi mutum.

Ranar Talata da la'asar ina gida ina tsince shinkafa aka ce ana sallama da ni. Mai moto ne. Bai taɓa zuwa gidanmu ba. Ya ƙi shiga zaure, ya tsaya a rana.

"Madam, don Allah gobe ki zo mu tahi ma'aunin tare. Ki gani da idonki. Sai in kai Baba in dawo in ɗauke ki."

"Mi ya hwaru da ma'aunin?"

"Ki dai zo ki gani."

Raina ya ɓaci. Ga shi ya biyo ni gida, abin da na fi tsana, ga shi washegari ne ranar nuna aiki, samarin Maraɗi za su hau na'ura da hantsi mu nuna wa shugabannin ƙungiya abin da muka yi. Kuma an koya mana cewa mai jan aiki ba ya bin bayan mutanensa yana leƙe, yarda da su yake yi. Na ce masa, "Malam, ni ban ɗauki Baba aiki don in riƙa bin sawunshi ba. In kana da magana a kanshi, ga shi nan gobe a kan benci. Ka hwaɗa a gabanshi."

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko da na ga cikin idonsa sosai. Ba fushi na gani ba. Tsoro ne, irin na mutumin da aka ce ya zaɓi hannun da za a sare masa. Ya ce, "To, Madam. Allah ya kai mu." Ya tada moto ya tafi, ni kuma na koma kan shinkafata.

Laraba ta waye da zafi tun da sassafe, sama fes babu ko gajimare. Suka iso a makare. Baba ya zauna, ya yi gaisuwarsa, ya ce, "Tamanin da biyar." Na buga. Da na juya ga mai moto sai na ga wandonsa a jiƙe sharkaf har ƙugu, yana ɗiga a ƙasa inda ya tsuguna.

Na ce, "Sarkin Fenti, yau wanka ka yi da kaya?"

Babu wanda ya yi dariya sosai. Na yi masa tambayoyin. Jiya ya kai Baba. Yau zai kai Baba gida. Na ce, "Mi ya tsare ka?"

Ya buɗe baki, ya kalli ƙafafun Baba, ba fuskarsa ba, ƙafafun kawai, da sandar da ke jingine a benci. Baba na zaune ya miƙe wuya yana kallon gabansa. Wata tunkiya tana kuka a bayan katanga. Na duba agogo, saura minti biyu cikin sha biyar ɗinmu.

"Babu, Madam."

Na ce to a watse. Daga baya na ji cewa mai moto ya shiga ruwan ne har gindin ginshiƙi don ya tabbatar, kuma abin da ya gani ɗari da talatin ne.

Ya ajiye Baba a gida, ya zarce tsibiri. Ya bar moto a bakin mashiga, ya ƙetare ruwa na dukan cinyarsa, ya bi lambu-lambu yana cewa a fito. Wasu sun ji, musamman tsofaffin da suka ga launin ruwan. Da yawa suka ciro salula daga aljihu, suka duba, suka mayar. Ya je wajen Gwaggo tana ban ruwan barkono. Ita da bakinta ta ba ni labarin abin da ta ce masa: "Salula ba ta kira ba. Ɗiyata ta ce in ba ta kira ba kada in bar aikina don maganar kowa. Kai ka fi na'urarta sani?" Ya kira ni sau shida daga can. Salulata na cikin jaka a kashe, don dokar ranar nuna aiki ke nan, ni na kafa ta. Ina gaban na'ura ina nuna wa mutanen Maraɗi yadda gidan an gama ya cika da takardu, suna tafa mani.

Bayan azahar ruwan ya hau. Na ji shi kafin in gan shi, wani gurnani daga wajen fadama, sannan ihun mutane a hanya, kowa na gudu wajen tafki. Da na isa, babu mashiga, babu lambuna, sai jan ruwa shimfiɗe da kawunan zogale suna leƙowa. Rana na nan tsaye a sama tana ƙuna. Masunta suka tura kwale-kwale suna kwaso mutane daga kan itatuwa. Gwaggo a kan bakin rijiyar siminti aka same ta, ruwa har ƙirjinta, ta rungume tiyon injinta, injin kuwa ya tafi. Mai moto ne ya riƙe ta a wurin har jirgi ya zo. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, amma da kaɗan ne. Injina sun tafi, shanun amalanke biyu sun nutse, barkonon shekara ya tafi gaba ɗaya.

Da aka sauke Gwaggo a gaɓa na je na riƙe ta ina kuka. Ba ta ture ni ba. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro salular a cikin leda, ta sa mani a hannu ta ce, "Riƙe abinki." Ta yi wata uku ba ta ƙara ce mani komai ba bayan gaisuwa.

Kwana biyu bayan haka, da ruwan ya ja, na hau kabu-kabu ni kaɗai na je ma'aunin. Fentin na nan baƙi wuluk, ana karanta shi tun daga gaɓa. Na ga alamar laka a can sama da ɗari da hamsin. Na ga itaciyar, da tudun yashi a gindinta, da ramukan da bakin sanda ya bari a gefen da ruwa bai share ba. Na tsaya ina kallon lambobin, na tambayi kaina wane irin mutum ne zai buƙaci a ƙara masu girma. Na zauna a ƙasa.

Ranar Asabar muka yi zaman waiwaye. Shugabannin ƙungiya sun zo daga Maraɗi, wakilan masu lambu sun cika tsakar biro har waje. Ƙa'idar zaman ita ce ba a neman mai laifi, hanyar aiki ake dubawa. Na faɗi haka da bakina, amma babu wanda ya zo don hanyar aiki. Wani mai lambu ya miƙe ya ce shi tambayarsa ɗaya ce: wa ya ce tamanin da biyar?

Baba ya gyara murya. Ya dafa sandarsa ya fara, "Jama'a, akwai maganar da ya kamata in..."

"Ni ne."

Mai moto ne, a tsaye, a tsakiyar mutane, muryarsa ta danne ta Baba. Ba abin da ya faɗa ne ya fara girgiza mutane ba, katse surukinsa da ya yi ne. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji.

Ya ce, "Kwana goma ke nan ƙahwar Baba na ciwo, ba ya sauka gaɓa. Ni nike karanta mashi. Ƙyuya ta hana ni matsawa, daga kan moto nike hange in hwaɗi abin da ya zo bakina. Abin da na ba shi, shi ya kawo. Baba ba ya da laihi."

Baba ya sake buɗe baki. Mai moto ya ƙara ɗaga murya ya maimaita, "Ni ne," har tsohon ya sunkuyar da kai. Shekara biyu ina roƙon mutumin nan ya yi magana a gaban surukinsa. Ranar da ya yi, ƙarya ya yi, kuma ni kaɗai ce a wurin, ban da su biyun, na san ƙarya ce. Alƙalami na hannuna. Shugaban ƙungiya ya ce in rubuta abin da aka gano. Na rubuta abin da mai moto ya faɗa, kalma da kalma. Na gaya wa kaina cewa zaɓinsa ne, ba ni da ikon ɓata masa. Gaskiyar ita ce na ji tsoro, don idan aka ja zaren nan zai biyo ta ƙofar gidanmu, inda ya tsaya a rana ranar Talata.

An sallame shi daga aikin. Wannan ma da sauƙi. Garin ne ya juya masa baya: babu mai hawa motonsa, a masallaci sahu yakan yi ɗan faɗi a gefensa, waɗanda ya je ya ce su fito ma cewa suka yi ai laifinsa ne ya sa shi gudun. Kafin a yanke gero ya sayar da moton ya ƙetara Najeriya neman aiki, ya bar gonarsa wa ƙannensa, ya bar matarsa da ƴaƴa huɗu a gidan ubanta. Har yau bai dawo da zama ba.

Baba bai ƙara zuwa zagaye ba. Aka sa wani ya riƙa ɗauko hoton ma'aunin da salula, abin da ya kamata mu yi tun farko. Bayan kaka, wata ranar da hantsi ina biro ni kaɗai, na ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Ya shigo yana laluben bango, na kama hannunsa na zaunar da shi. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin tasa. Sannan ya riƙa juya sandar tsakanin tafukansa.

"Ɗiyata, yaron nan ƙarya ya yi."

"Na sani, Baba."

"Kin sani." Ya gyaɗa kai a hankali. "Shekara biyu ke nan ban ga lamba ba. Ko huskarki ban sani ba, muryarki na sani."

Haushi ya taso mani, haushinsa da nawa a haɗe. Na ce, "Baba, to don mi ba ka hwaɗa ba? Kullum da sahe ina tambayarka. Kullum! Da ka ce idona, da an kai ka asibiti, da an sa wani ya karanta kana tsaye kusa da shi. Ba wanda za ya raina ka."

Ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take, idanun nan farare suna kallon gefen kafaɗata.

"Na so in hwaɗa maki. Sau da yawa na taho da maganar a bakina tun daga gulbi." Ya numfasa. "Amma ke kullum a gaban mijin ɗiyata kike tambayata."